Mota Ta Ƙi Tashi, Ko Inji Na Rawa: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Abu biyu ne suka fi kai masu mota gareji da sassafe. Ko dai motar ta ƙi tashi sai an sha fama, ko kuma ta tashi amma injin na karkarwa, yana shaƙewa, da ka ɗaga ƙafa daga totur ya mutu. Abin da yakan biyo baya sananne ne. A ce fulogi ne, ka saya. Ba a dace ba, a ce famfon mai ne, ka sake saya. Kafin mako ya zagayo an canza kaya uku ko huɗu, motar kuma tana nan jiya i yau. Da irin tsadar kayan gyara a yanzu, wannan canki-cankar ba ƙaramar asara ba ce.

Alhali inji ba ya lalacewa haka kawai. Kowace matsala tana barin alama, kuma akwai tsarin da ake bi a rage zato ɗaya bayan ɗaya har a kai ga ainihin abin da ya lalace. Ba sai ka zama makanike ba kafin ka fahimci wannan tsari.

Abubuwa huɗu da inji ke buƙata

Kusan duk motar fetur da ka sani tana aiki ne da tsarin da Nikolaus Otto ya haɗa a Jamus a 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka, kuma aikinsa hawa huɗu ne. Ya sauka ya zuƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗin ya kama da wuta ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Sannan ya sake hawa ya tura hayaƙi waje ta salansa.

Daga nan za ka ga abin da ake buƙata: cakuɗin iska da fetur daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi, tartsatsi mai kyau, da kuma faruwar kowanne a kan lokacinsa. Gwargwadon da ake nema shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. In aka juya lissafin zuwa lita, kowace litar fetur tana buƙatar iska kusan lita 9,000. Shi ya sa ƙaramar matsala a hanyar iska take iya hargitsa inji baki ɗaya.

Injin silinda huɗu da ke tsaye a silo, yana juyi 800 a minti, yana kunna wuta sau 1,600 a cikin wannan mintin, wato kusan sau 27 a daƙiƙa. In silinda ɗaya ta riƙa fashi, jikinka zai ji a kujera da sitiyari. Duk binciken da za a yi, tambayarsa ɗaya ce: a cikin waɗannan huɗun, wanne ne ya gaza?

Fara da kunnenka

Idan ka murɗa makulli, saurara da kyau. Shin injin yana juyawa amma bai kama ba, ko kuwa ko juyawar ma ba ya yi? Wannan bambanci shi ne mataki na farko, domin hanyoyin biyu ba su haɗu ba.

In ba ya juyawa, ko yana juyawa a kasalance, ko kana jin "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, bar zancen fetur da fulogi tukuna. Matsalar tana tsakanin batir, wayoyinsa da sitata. Sitata tana jan lantarki mai yawa, amfiya 100 zuwa 200, wani lokaci fiye. Batirin da ke iya kunna rediyo da fitila yana iya kasa ɗaukar wannan nauyi.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya duba su yayin da kake murɗa makulli. In suka dusashe sosai, batir ya yi rauni ko kuma kan batirin bai kama da kyau ba. In suna nan da haskensu amma sitata ba ta motsa ba, to wutar ce ba ta isa gare ta, ko ita kanta ta lalace. A mota mai giya otomatik, gwada tayarwa a N maimakon P. Akwai ƙaramin makunni da ke hana mota tashi in tana cikin giya, kuma yakan tsufa.

In kana da mitar auna lantarki, lambobin su ne waɗannan. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, cajinsa ya kai rabi. Lokacin da sitata ke juya inji, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan mota ta tashi kuma, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ba ka ga haka ba, altaneta ba ta caji, kuma sabon batirin da ka saya shi ma mutuwa zai yi cikin 'yan kwanaki.

Kafin ka yanke wa batir hukunci, duba kawunansa. Wannan farin gari ko koren da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Haka ma wayar da ta haɗa batir da jikin mota in ta yi sako-sako. Ka kuma sani zafi yana rage wa batir kwana, domin yana hanzarta cin ƙarafan cikinsa da ƙafewar ruwansa. Saboda haka batirin da ya sha zafin bazara shi ne wanda yakan ba da kunya a safiyar hunturu.

Yana juyawa, amma bai kama ba

Nan batir da sitata sun yi aikinsu. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci ɗaya, sitata za ta yi zafi. Dakata, ka bi sauran ɗaya-ɗaya.

Fetur. Murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da ka tayar ba. A yawancin motoci za ka ji wani siririn gurnani daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon mai ne ke cika layi. In shiru ne, a fara duba fis da rile kafin a ce famfon ya mutu. In yana ƙara ma, wannan bai tabbatar da cewa ƙarfinsa ya isa ba. Akwai agogon da ake ɗaurawa a layin mai, kuma a yawancin motocin injekta ana neman matsin da ya kai ba 3 zuwa 4. Aunawar ba ta wuce 'yan mintuna.

Tartsatsi. Koyil yana ɗaukar bolt 12 na batir ya mayar da shi dubban bolt, sau da yawa sama da 20,000, domin wuta ta tsallake ɗan ratar da ke bakin fulogi. Da wuya koyil huɗu su mutu rana ɗaya. Don haka in babu tartsatsi a dukkan silindu, a nemi abin da suka yi tarayya a kai: fis, waya, ko sansar da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji na juyawa. Wannan sansa tana kusa da kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa. In ta yi shiru, kwamfutar ba za ta saki tartsatsi ba, ba za ta buɗe nozul ba.

Makulli. Motoci da yawa suna da tsarin hana sata da ke karanta wani ɗan guntu a cikin makulli. In bai gane shi ba, inji yana iya juyawa ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. Duba ko akwai fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa. In kana da makulli na biyu, gwada shi.

Lokaci. In motar ta mutu kwatsam a kan hanya, sannan injin yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, da sauti mara nauyi, daina murɗawa. Mai yiwuwa bel ɗin tayimin ne ya tsinke. A injuna da dama, in hakan ta faru fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa shi, kuma ƙarin juyi ƙarin ɓarna ne.

Yaushe take yin gardamar?

Lokacin da matsala ke fitowa shi ma shaida ne. Inji mai sanyi yana buƙatar fetur fiye da mai zafi, domin fetur ba ya zama tururi da sauƙi a cikin sanyi, kuma tururin ne ke kamawa da wuta. Tsofaffin motocin kafireta suna da cok don wannan. A motocin yanzu, sansar zafin ruwa ce ke sanar da kwamfuta. In ta yi ƙarya ta ce inji na da zafi alhali da asuba ne, za a ba shi fetur kaɗan, ya yi ta wahalar tashi. In ta ce da sanyi alhali ya yi zafi, za a cika masa fetur, ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi.

In motar tana daɗewa kafin ta kama bayan ta kwana, gwada wannan: kunna makulli ka kashe sau uku, kana ba famfo lokaci kowane karo, sannan ka tayar. In ta tashi nan da nan, matsin mai ne ke zubewa cikin dare, ko ta bawul ɗin famfo ko ta nozul mai yoyo.

In kuwa da safe lafiya lau take tashi, amma in ka tsaya sayayya na minti goma sai ta ƙi, akwai zato biyu. Nozul mai ɗiga yana cika silinda da fetur, za ka ma ji warinsa. Ko kuma sansar kiranshaf ce ke yankewa in ta yi zafi, ta dawo in ta huce. Motar da ke mutuwa a tsakiyar tafiya ta tashi bayan rabin awa kamar ba abin da ya faru, a fara duba wannan sansa.

Ya tashi, amma yana rawa

Rawar inji yawanci fashin wuta ne a silinda ɗaya ko fiye. Abin tambaya shi ne ko silinda ɗaya ce, ko duka.

In ɗaya ce, akwai gwaji mai sauƙi a motocin da kowace silinda ke da koyil nata. A ɗauke koyil na silindar da ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta. In fashin ya bi koyil, an kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, a musanya fulogi, sannan nozul. Ba a sayi komai ba, amma an gano mai laifi.

Fulogin da aka ciro ma yana ba da labari. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, ƙonewa na tafiya daidai. Baƙin ƙirin busasshe yana nufin fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana nufin man inji na shiga silinda. Fari fat kuma alama ce ta ƙarancin fetur ko zafi fiye da kima. In guda ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran sun yi datti, a yi zargin ruwan lagireto na shiga wannan silinda.

In kuma rawar ta game duk injin, a duba abin da silindu suka yi tarayya a kai. Lura da lokacin da take tsananta. Rawar da ta fi yawa a silo, ta lafa in ka taka totur, sau da yawa iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ta tsagaggen tiyo ko gasket. A silo iskar da inji ke zuƙa kaɗan ce, don haka ɗan yoyo yana sauya gwargwado sosai. In ka taka totur, yoyon ya zama ba komai ba a cikin iska mai yawa. Akasin haka, motar da ke zaune lafiya a silo amma ta riƙa cijewa a hawan tudu ko wajen wuce wata mota, tana nuna fetur ba ya isa, ko tartsatsi ya yi rauni, ko salansa ta toshe.

Ƙurar hunturu na da nata rabon. Tana toshe matatar iska da wuri. Wadda ta samu ta wuce, ta yagaggiyar matata ko murfin da bai rufu ba, tana manne wa siririyar wayar sansar da ke auna iska, sai ta fara ba kwamfuta lissafin da ba daidai ba. Akwai maganin fesawa na musamman don wanke wannan sansa. Kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma.

Wani lokaci kuma injin lafiyarsa ƙalau. Robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu, sai girgizarsa ta yau da kullum ta riƙa shiga jikin mota. Alamar ita ce allurar juyin inji tana tsaye cak, ba ta hawa da sauka, amma sitiyari na kaɗawa.

Tamostat da gurɓataccen mai

A garejinmu an saba cire tamostat, wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙatarsa. Aikin tamostat shi ne ya kai inji zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, ya kuma riƙe shi a nan. In babu shi, inji yana daɗewa bai kai wannan zafi ba, kwamfuta ta ci gaba da ba shi fetur irin na mai sanyi. Sakamakon shi ne shan mai, fulogi mai baƙi, da silo mara daɗi. Motar da ke zafi fiye da kima tana da wani dalili, a lagireto, fanka, famfon ruwa ko gasket, kuma shi ya kamata a nema.

Shi ma man da ka sha abin tuhuma ne. A watan Fabrairun 2022, kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an samu sinadarin metanol a cikin fetur da aka shigo da shi Najeriya daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, abin da ya jawo janye man da dogayen layuka a gidajen mai. Metanol ba ya ba da ƙarfi kamar fetur, yana jan ruwa, yana kuma cin wasu robobi da ƙarafan layin mai. Ko ba irin wannan ba, ruwa da datti a man bumburutu sun isa su sa inji tari. In matsala ta fara jim kaɗan bayan ka sha mai, a zuba kaɗan daga tankin a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi. Ka kuma guji yawo da tanki kusan a bushe, domin fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

In matsalar a cikin injin take

Idan fetur, iska da tartsatsi duk sun fita lafiya, saura matsi. Ana cire fulogi a ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda. Abin da aka fi dubawa shi ne kusancin lambobin, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ko makamancin haka. In silinda ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata ɗan man inji kamar cokali ɗaya a sake aunawa. In lambar ta tashi, zoben fistin ne ya cinye, domin man ya toshe ratar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Silindu biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare yawanci gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Hayaƙi ma yana taimakawa. Baƙi, fetur ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi, man inji ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, ruwa ke shiga silinda. Ɗan farin tururi na safiyar sanyi da ke ɓacewa bayan 'yan mintuna ba matsala ba ne.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Zafin matsi ne ke kunna man. Saboda haka in ya ƙi tashi, a duba saurin juyawar sitata, iska a layin mai, matatar mai, da fulogin ɗumama silinda.

Abin da na'urar bincike ke faɗa

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka yawancin motocin da ake shigo mana da su suna da soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari. In aka jona na'ura, za ta fito da lambobi. P0300 fashin wuta ne a silindu daban-daban. P0301 zuwa P0304 suna nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur, P0172 kuma fetur ya rinjayi iska. P0335 ta shafi layin sansar kiranshaf.

Sai dai a kula. Lambar tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne, ba ta ambaci kayan da za a saya ba. P0171 tana iya fitowa saboda tsagaggen tiyo, dattin sansar iska, raunin famfo ko toshewar nozul. Wanda ya ga wannan lamba ya canza sansar salansa, wadda ita ce ta kawo rahoton, ya bar jaki yana dukan taiki. Goge lamba ma ba gyara ba ne. A rubuta ta kafin a goge.

Fitilar nan mai hoton inji in ta kama ta tsaya, kana da lokacin kai mota a duba. In tana ƙiftawa, fashin wutar ya yi tsanani, ɗanyen fetur na zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi. Wannan kaya ne mai tsada. Rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

Kafin ka shiga gareji

Kiyaye kanka tukuna. Kada ka bar inji na aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba mara launi mara wari da ke kisa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Kada a gwada tartsatsi kusa da fetur da ya zube. Nisanta hannu da bakin riga daga bel da fanka, domin fankar lantarki tana iya tashi ko da an kashe mota.

Sannan ka je da bayani. Yaushe abin ya fara? Da sanyi ne ko da zafi? A silo ko a kan gudu? Me aka taɓa a motar kwanan nan, kuma a ina ka sha mai na ƙarshe? Amsoshin nan suna rage wa makanike rabin aiki.

In ya ce a canza wani abu, tambaye shi cikin mutunci: "Malam, wane gwaji ne ya nuna shi ne?" Makaniken da ya san aikinsa zai nuna maka lambar da mita ta bayar, ko koyil ɗin da fashi ya bi, ko fulogin da ya ciro. A fara da gwaji mai arha kafin mai tsada, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a tayar a gani. Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire ka ajiye. In matsalar ba ta tafi ba, ka san lafiyarsa ƙalau, kuma zai yi maka amfani wata rana.